Lambar Ƙasan Kati

Ni tela ne, ko in ce tela na kasance, don yanzu in zan saka zare a allura sai na kira wani. A Adarawo aka haife ni, cikin Yola, amma a Jimeta na ci yawancin shekaruna a bayan keken ɗinki. Boko kuwa aji biyu na yi. Shi ma aji biyun rabinsa a bakin kogi na yi shi, ina tare kifi da rigar makaranta. Ranar da mahaifina ya gaji da dukana ya kai ni wurin wani tela, mu uku muka huta: ni da shi da malamin ajin.

Abu ɗaya na fito da shi daga makaranta, shi ne lamba, sauran kuma tef ɗin awo ya ƙarasa koya mini. Ba a haifi wanda zai cuce ni a inci ba. Amma haruffa, da zarar sun haɗu sun wuce uku, sai su koma mini tururuwa. Na ɓoye wannan abu shekara da shekaru. Ina da tabarau mai kauri. In aka kawo takarda sai in saka shi, in haɗa gira, in daɗe ina kallo, sannan in miƙa wa wanda ke kusa in ce, "Karanta mana mu ji ko kai ma ka iya." Matata kaɗai ta san gaskiya, ita kuwa ba ta taɓa tona ni ba.

Shagona a ƙofar gida yake. Ranar da ake ba da hutu, jikokina ba sa shiga ciki sai sun biyo ta wurina, kowa da katin sakamakonsa a hannu. Sai su yi layi. In karɓi kati, in bi shi da yatsa daga sama ina gyaɗa kai kamar alƙali, alhali wuri ɗaya nake nufa: can ƙasa, inda ake rubuta na nawa yaro ya zo. Wanda ya zo na ɗaya, sabuwar riga ce, daga yadi mai kyau, ba ragowar na mutane ba. Sauran kuwa alewa, da suna. Duk tsawon hutun da lambarsa nake kiran kowa. "Na Sha Bakwai, kawo mini buta." "Ta Tara, gaya wa kakarku ina jiran kunu." Gida ya yi ta dariya. Ni kuma ina ganin ilimi nake ɗaukakawa, ni da na gudu na bar shi a aji biyu.

Akwai jikata guda, 'yar ɗana na biyu, lokacin tana da shekara tara, tana aji huɗu. Riga biyar ta karɓa a jere. Har maƙwabta sun manta sunanta na yanka, Ta Ɗaya kawai ake cewa. Yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki, kuma ba zan ɓoye ba, da ita nake taƙama a majalisa.

Sai shekarar da mayaƙa suka shiga Mubi, jama'a suka gudo. Wanda yake Jimeta a lokacin ba ya bukatar a ba shi labari. Mutane suna ta ƙetaro gada, wasu a bayan motar kaya, wasu a ƙafa, da katifa a ka, da yaro a baya. Kowane gida ya buɗe ƙofa. Namu mai ɗaki huɗu sai da aka shimfiɗa tabarma har zaure. Cikin waɗanda suka sauka mana akwai matar ɗan ƙanena da 'yarta, sa'ar Ta Ɗaya. Mijin ya sa su a gaba, ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa ya biyo su. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Su kuma ta duwatsu suka bi, suka faɗa Kamaru, suka zagayo. Ranar da suka iso ƙafafun yarinyar sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ta cika magana ba. In ta gaishe ni, ta gama.

Malamar aji huɗu na san ta, don ni nake ɗinka mata kayan zumuntar mata na cocinsu. Mutuniyar wajen Numan ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, a unguwar Karewa take zaune. Na yi mata magana, ta ce a kawo yarinyar, ko da yake saura mako huɗu a yi jarrabawa. Na ɗinka wa yarinyar kayan makaranta, ta fara bin 'yar'uwarta.

Wata rana da yamma ana zaune a tsakar gida, uwar ta ce, ba da wata manufa ba, a Mubi 'yarta ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Ina jin tana so ne ta tuna wani abu mai daɗi daga can. Ni kuwa bakina bai iya barin irin wannan ta wuce ba. Na ce, "To, Ta Ɗaya, yau an kawo miki daidai ke. Riga dai guda ce. Mu ga mai ɗauka." Ban tsaya nan ba. Washegari na ɗauko wani yadi shuɗi mai ƙananan furanni farare, na rataye shi a ƙusa a shago, inda duk mai shiga gida sai ya gan shi.

Ranar kati ta zo. Ta Ɗaya ta zo ta ɗaya. Sai baƙuwar ta miƙo nata da hannu biyu. Na saka tabarau, na bi da yatsa, na isa ƙasa. Arba'in da ɗaya, cikin arba'in da uku. A saman lambar akwai rubutu layi uku da jan biro, na tsallake shi yadda na saba. Ina da damar in yi shiru. Na sha tunawa da wannan, akwai ɗan lokaci, kamar na haɗiye miyau, da zan iya ninke katin in ce Allah ya yi albarka. Amma yara sun zuba mini ido suna jiran suna.

Na ce, "Ta Arba'in da Ɗaya. Ashe ku a Mubi daga ƙasa kuke fara ƙirga."

Yara suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi kuka ba. Ta karɓi katin, ta ninke shi huɗu, ta ce, "Na gode, Kaka," ta shige. Sai a lokacin na ga uwarta tsaye a bakin zaure da bokiti a hannu.

Cikin hutun na kira ta da sunan nan sau biyu ko uku. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, ta amsa.

Da aka koma makaranta sai ta ce ba za ta je ba. Ba ta yi rigima ba. Ta wanke kayan makarantar, ta ninke, ta kawo ta ajiye a kan teburin kekena. Uwar ta yi lallashi, ta yi faɗa, rana ɗaya har ta ɗauki tsintsiya, sai kuma ta zauna a ƙasa ita ce ke kuka. Daga baya ta same ni ta ce, "Bappa, a bar ta kawai. Na fara suyar awara, sai ta riƙa kama mini. In hankalinta ya kwanta ta koma."

Na san wannan hanyar, don na bi ta. Mako ɗaya ne yake zama wata, wata ya zama shekara, sai ka farka da furfura kana saka tabarau don ka yaudari yara. Kayan nan suka yi ta zama a kan teburina. Kullum da safe sai na ɗaga su kafin in fara aiki, in na tashi in mayar.

A mako na biyu malamar ta zo karɓar ɗinkinta. Ta gwada, ta ce hannun ya yi, sannan ta zauna a benci, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Baba, yarinyan nan na Mubi, me ya sa bai dawo ba?"

Na ce, "Kin san yaran yanzu, Malama. Ta ga lambarta ta ji kunya."

"Ka karanta abin da na rubuta a kati?"

"Na karanta mana."

"To me na ce?"

Na gyara tabarau. Na ce ai an kwana biyu, kuma ga aiki. Ta dube ni, ta dubi tabarau ɗin, ta kawar da kai wajen titi. Mace ce mai mutunci, ba ta ƙara tambaya ba. Sai ta faɗa mini kamar tana tuna mini abin da na sani. Ta ce ta rubuta cewa duk abin da aka koyar a gaban yarinyar ta ci shi, ba ta bar ko ɗaya ba. Amma jarrabawar ta tattaro karatun wata uku ne, ita kuwa mako huɗu ta samu, kuma ba ta kwafi darasin baya ba. Ta roƙi a taimaka mata a gida.

Ta ce, "Sau biyu na gaya wa jikanka ya ba shi littattafai ya kwafa. Ya ce mini ya ba shi."

Da aka taso makaranta na kira Ta Ɗaya shago. Ta riga ta canza kaya, shuɗiyar rigar nan ce a jikinta. Na tambaye ta ko ta ba 'yar'uwarta littattafan. Yarinyar ba ta iya ƙarya a gabana ba, a gaban malama kawai ta gwada.

Ta ce, "Ban ba ta ba."

"Ina suke lokacin?"

Ta nuna buhun da nake tara ƙyalle a bayan ƙofa. A ƙarƙashinsa ta ɓoye su, a cikin shagona, taku biyu daga inda nake zama. In 'yar'uwar ta tambaya sai ta ce malama ta karɓa za ta duba.

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Kai ka ce riga guda ce."

Na ɗaga hannu. Sai na rasa inda zan sauke shi, don wanda ya cancanci marin ba ita ba ce. Na sosa ƙeya da shi, na ce ta tafi.

Abin da na fara yi shi ne abin da na iya. Na je kasuwa na nemo irin yadin nan, na ɗinka wa baƙuwar riga iri ɗaya, har na ƙara mata aljihu. Ta karɓa, ta durƙusa ta yi godiya, ta kai ta saka a jakar uwarta. Ba ta saka ba, makaranta kuma ba ta je ba. Matata ta ce, "Kai komai da yadi kake so ka gyara shi." Na ce to da me zan gyara, da me na iya? Ta ce, "Wannan kuma kai ka sani," ta ci gaba da tankaɗe.

Akwai bango tsakanin shagon da zaure, mai siminti, inda rana ba ta kaiwa. Na ɗan jima ina ganin ana rubutu a wurin da allin da nake zana yadi, har sau biyu na goge da tsumma ina faɗan yara suna cinye mini alli. Wata rana bayan azahar, zafi ya kori kowa ɗaki, na fito zan ɗauki ruwa na same ta a tsugune tana rubutawa. Layi-layi ne, daga sama zuwa ƙasa, a tsare. Ta ji motsina ta ɓoye allin a bayanta.

Na ce, "Bar shi, ba faɗa zan yi ba. Me kike rubutawa?"

Ta matsa gefe ta ce, "Ka karanta, Kaka."

Tabarau yana fuskata. Tsohuwar dabarar tana kan harshena, saura in ce karanta mu ji ko kin iya. Na cire shi na saka a aljihu, na zauna a ƙasa kusa da ita, gwiwoyina suna ƙara.

Na ce, "Ban iya ba."

Ta ɗauka wata tsokanar ce, ta sunkuyar da kai tana jira ta wuce. Na rantse mata. Na ce lamba kaɗai nake ganewa. Na ce katinta da na kowa, ban taɓa sanin abin da ke ciki ba sai wannan ta ƙasa. Abin da malama ta rubuta a kanta, ban sani ba sai da ta zo ta faɗa mini da baki. Na maimaita mata shi yadda na ji.

Ta daɗe tana kallona. Tun zuwanta ban ga ta kalli wani babba a ido ba sai ranar. Ta ce, "Ko sunanka?"

Na ce, "Sunana zana shi nake yi, kamar yadda nake zana aiki a wuyan riga. Ban san wanne ne wanne ba."

Sai ta juya ga bangon ta karanta mini. Sunayen ƙauyukan da suka kwana ne a hanya, ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya. Ta ce in babanta ya zo zai tambaye ta ta ina suka bi, tana tsoron kada ta manta ko ta juya su. Ta ce wani yana gogewa, shi ya sa take sakewa.

Ban gaya mata wanda yake gogewa ba a ranar. Na dai ce ta nuna mini na farkon, harafi-harafi.

Haka muka fara. Kullum bayan azahar, in ta gama kai awara, sai ta zo bango. Malama ce mai tsanani. In na yi kuskure ba ta dariya, ba ta kuma cewa ya yi, sai dai ta goge ta ce, "Sake." Ba a yi kwana uku ba Ta Ɗaya ta kama mu. Ta tsaya a bakin zaure ta ga kakanta yana fama da harafi ɗaya kamar mai ɗaga buhu.

Ta ce, "Kaka, da gaske ba ka iya ba? To duk wannan gyaɗa kan fa?"

Na ce, "Wuyana ne yake ciwo."

"Da a ajinmu kake, kai ne na arba'in da huɗu."

Na ce haka ne, kuma a kira ni da shi. Kafin magariba gida ya sani, kafin Juma'a unguwa ta sani. A majalisa wani abokina ya miƙo mini jarida a juye ya ce in taimaka masa da labarin duniya. Na sha, don na shayar da wasu fiye da haka.

Sai na kafa sabuwar doka. Duk wanda ya taso makaranta sai ya kawo mini abu ɗaya da ya koya a ranar, ya koya mini. In ban gane ba, to shi ma bai iya ba tukuna. Ƙananan suka ji daɗin abin, suna ta kawo mini waƙoƙi da sunayen dabbobi. Ta Ɗaya ce ta sha wuya. Tana da sauri, ba ta da haƙuri, ta iya amsa amma ba ta iya faɗin yadda aka kai gare ta ba. Ni kuma kaina da ma ba ya ja, wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, ina ƙara masa nauyi da gangan. Ta yi bayani sau uku, in ce ban gane ba. Rana ɗaya ta fusata ta juya ga 'yar'uwarta ta ce, "Ke da yake jin maganarki, gaya masa." Waccan ta ce ba ta san darasin ba. Sai Ta Ɗaya ta buɗe jaka ta ciro littafin ta miƙa mata. Ba wanda ya ce ta yi. Ni dai na duƙufa a kan keke kamar ban gani ba.

Daga nan kullum tare suke zama a kan littafin kafin su zo kaina. Amma kayan makarantar suna nan a teburina.

Wata rana na yi musu tambayar da ta daɗe a raina tun ina yaro a bakin kogi. Na ce me ya sa Binuwai yake cika ya tumbatsa a wasu kwanaki, alhali nan garin ba a yi ruwan kirki ba? Suka duba littafi, babu. Ta Ɗaya ta ce ba ya cikin abin da za a tambaya a jarrabawa. Sai baƙuwar ta ce, "Malama za ta sani."

Na ce, "Za ta sani. Sai dai ni ba za a bar ni in shiga aji huɗu da wannan gemun ba. Ita kuma wannan ta ce ba ya cikin jarrabawa."

Kayan makarantar suka kwana a teburina. Washegari ma suna nan. Na ƙirga kwana tara. A na goma na buɗe shago da safe, na kai hannu zan ɗaga kayan, na tarar da tebur wayam. Na leƙa zaure na gan su su biyu suna fita, ita tana gyara ɗankwali. Bakina ya buɗe da kansa, wata magana ta taso. Matata tana bayana, ta mintsine ni a hannu da ƙarfi, har suka sha kwana.

Da suka dawo ba ta shiga gida ba, shago ta zo. Ta ce malama ta ce ruwan ba namu ba ne. A kan duwatsun Kamaru ake yin sa, ya gangaro ta ƙoramu, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso mana. Sannan ta ce, "Ta wajen da muka bi ne, Kaka. Na ga ƙoramun." Ta zana mini a bango, a gefen sunayen nan, yadda suke haɗuwa.

A ƙarshen wannan zangon suka yi layi kamar kullum. Na karɓi kowane kati na ɗora babban yatsana a kan lambar, na ce mai shi ya karanta mini abin da malaminsa ya rubuta, ni kuma ina bi da ido ina tsintar abin da zan iya. Ba riga, ba suna. Na ce ɗinki sai da salla, kuma na kowa. Tunda na yi niyyar faɗin gaskiya a wannan rubutu: na ɗaga yatsan kaɗan na leƙa. Ta Ɗaya ta zo ta uku, 'yar'uwarta ta goma sha biyu. Ban faɗa wa kowa ba sai yau. Ta Ɗaya ta sha kuka ranar duk da ban ce komai ba, don ita ta san lambarta. Ba zan ce na cire mata abin da na shuka ba. Yanzu tana karatun jinya, kuma har gobe in wata ta fi ta maki ba ta cin abincin kirki. In na ga haka nakan san aikina ne.

Uban baƙuwar yarinyar bai zo ba. Bayan shekara biyu suka koma Mubi ita da uwarta. Allin bangon ya bi iska da kansa, ban sake kai masa tsumma ba. Sunayen goma sha ɗaya suna bayan littafin da nake wannan rubutu, da hannuna, a jere yadda ta koya mini.

Bara ta turo mini saƙo a waya. Daga la'asar na fara karanta shi, ban gama ba sai da aka kira magariba, kuma ban nemi taimakon kowa ba. Tana kwalejin horon malamai, an tura ta gwajin koyarwa a wata firamare, aji uku. Ta ce mako mai zuwa za a raba kati, ga iyaye za su zo, me zan ce ta gaya musu. Na kwana biyu ina haɗa amsar, don yatsana ya fi maɓallan wayar girma. Na rubuta mata cewa ta ce su fara karantawa daga sama, wanda bai iya ba kuma ya faɗa, kada ya saka tabarau.